An gayyace ni gidan abincin Malesiya da na Sin a Kuala Lumpur: me zan ci, me zan bari?

Tambayar ta fito ne daga wani ƙanenmu da bai fi wata biyu da sauka a Malesiya ba, ya je karatun digiri na biyu. Ya ce abokan karatunsa, cikinsu har da Sinawa 'yan ƙasar, sun gayyace shi cin abincin dare a wani gida da aka rubuta a allonsa cewa ana sayar da abincin Malesiya da na Sin. Tun zuwansa taliyar leda da ƙwai yake dafawa a ɗaki, yana barbaɗa yajin da ya taho da shi daga gida. Yana so ya san ko ya amsa gayyatar, in ya je me zai ci, kuma yaya zai yi ya tsare addininsa ba tare da ya kunyata waɗanda suka kira shi ba.

Ƙanena, ka amsa gayyatar. Na yi shekara shida a ƙasar ina karatu da bincike a fannin sarrafa abinci, aikin kuma ya shigar da ni kicin-kicin da yawa, na Malayawa da na Sinawa da na Indiyawa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin 'yan'uwanmu sun yi shekara uku ko huɗu a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi ko'ina iya girki, sun dawo gida ba su san komai ba sai soyayyar kaza. Tsoron da kake ji yana da tushe, ba zan raina shi ba. Sai dai ka ajiye shi inda ya dace. Sunan abincin da ke kan takarda shi kaɗai ba ya tabbatar maka da halaccinsa. Abin da za ka bincika shi ne kaskon da aka soya shi, man da aka zuba, da romon da aka tsarma. Da zarar ka gane wannan, sauran duk jin daɗi ne.

Bari in fara da mutanen, domin in ka san su za ka gane takardar abincin da za a miƙo maka. Sinawa sun kusa kashi 23 cikin ɗari na 'yan ƙasar Malesiya, Indiyawa kuma wajen kashi 7. Yawancin kakannin Sinawan sun zo ne a ƙarni na 19 daga kudancin ƙasar Sin don haƙar kuza, irin wadda aka haƙa a Jos. Ita kanta Kuala Lumpur sansanin masu haƙar kuza ce da aka kafa a wajen 1857. Ba su zo a matsayin jama'a guda ba. Akwai 'yan Hokkien, da 'yan Kanton, da Hakka, da Teochew, da 'yan tsibirin Hainan, kowa da harshensa da girkinsa. 'Yan Hainan sun iso a makare, sun tarar an cike sauran sana'o'i, sai da yawansu suka zama kukun Turawan mulkin mallaka, daga baya suka buɗe shagunan kofi da ake kira kopitiam. Kafin duk waɗannan akwai tsofaffin zuwa a Malaka da Pinang waɗanda suka auri matan ƙasar, zuriyarsu ake kira Peranakan, girkinsu kuma ana ce masa girkin Nyonya: dabarar Sinawa da kayan ƙamshin Malayawa a tukunya ɗaya. Shi ya sa allon da ka gani bai raba abincin gida biyu ba. Yawancin abin da za a kira maka abincin Sin a can, in ka je Bejin ka nema ba za ka same shi ba. A Malesiya aka haife shi.

To, gidan da aka gayyace ka, abu na farko da za ka duba tun daga ƙofa shi ne shaidar halal. Hukumar raya addinin Musulunci ta ƙasar, wadda kowa ke kira JAKIM, tare da hukumomin addini na jihohi, su kaɗai doka ta ba ikon bayar da ita, a ƙarƙashin dokar siffanta kayan ciniki ta 2011. Tambarin zagaye ne, da tauraro mai tsini takwas a ciki, an rubuta halal da Larabci a tsakiya, sunan Malesiya kuma yana kewaye da shi. Takardar shaidar tana ɗauke da sunan gidan da adireshinsa da ranar ƙarewarta, kuma kana iya duba sunan a kundin hukumar a intanet tun kana ɗakinka. Na ga yadda ake binciken nan da idona. Ba a tsaya kan nama ba. Ana bin kowace kwalbar miya, kowane buhun gari, ana tambayar takardar inda aka sayo shi, ana duba firiji, ana tabbatar da akwai Musulmi cikin masu aikin kicin. Basine wanda ba Musulmi ba yana iya mallakar gida ya sami shaidar in ya cika sharuɗɗan, kuma da yawa sun samu. In ka ga wannan tambarin na gaske, ka zauna ka ci duk abin da ranka ya so.

Neman shaidar ba dole ba ne. Dubban rumfunan Malayawa da matan aure ke dafawa ba su da ita, kuma Musulmin ƙasar suna ci ba tare da wani ɗar ba, domin sun san masu girkin. Inda ake rikicewa shi ne gidajen da ke rubuta da Turanci cewa babu naman alade, wani lokaci su ƙara da cewa babu kitsensa. Wannan magana ce ta mai gida, babu hukumar da ta tsaya mata. Tana iya zama gaskiya ɗari bisa ɗari game da alade, amma ba ta ce komai ba game da yadda aka yanka kazar, ba ta kuma ce komai ba game da giyar girki. Sinawa suna da wata giyar shinkafa mai suna Shaoxing da suke tsiyayawa a gefen kasko ko su jiƙa nama a cikinta don kashe ƙarni, kamar yadda uwar gida a wajenmu za ta sa citta da tafarnuwa. A wajen kukun wannan kayan miya ne, ko kusa bai ɗauke ta abin sha ba, don haka in ka tambaye shi ko akwai giya a abincin zai iya ce maka babu da zuciya ɗaya. Akwai Musulmin Malesiya da ke cin kifi da ganye a irin waɗannan gidaje, akwai waɗanda ba sa taka ƙofarsu. Ni ra'ayina, wanda bai san harshe ba, bai san girkin ba, ya bar su tukuna har idonsa ya buɗe.

Zan kai ka bakin murhu ka ga dalili. Akwai wata soyayyar taliya da Pinang ta yi suna a kanta, char kway teow. Taliyar ta garin shinkafa ce, faffaɗa, mai santsi. Kukun yana tsaye gaban wani baƙin kasko mai zurfi kamar ƙwarya, wuta na huci a ƙarƙashinsa har tana lasar gefensa. Zai ɗebo mai da ludayi ya zagaya, ya jefa tafarnuwa, kafin ta yi ja ya watsa jatan lande, ya bi da taliya, ya tsiyaya baƙar miyar waken suya ta gefen ƙarfen yadda za ta ƙone kaɗan kafin ta taɓa taliyar. Sai ya ture komai gefe ya fasa ƙwai, ya juya, ya watsa tsiron wake da ganye, ya ɗaga kaskon sau biyu ko uku abincin ya tashi sama ya ratsa harshen wuta ya dawo. Duka bai fi minti biyu ba. Wannan ƙamshin hayaƙi da ke kama taliyar 'yan Kanton suna kiransa wok hei, wato numfashin kasko, kuma da shi ake gane gwani. Da ya juye a faranti, zai zuba ruwa ludayi ɗaya a kaskon, ya goge da ɗan tsintsiyar gora, ya zubar, ya ɗora na gaba. Ba a sa sabulu, domin maiƙon da ya daɗe yana kama ƙarfen shi ne ke hana abinci mannewa. A rumfar gargajiya man da ke cikin ludayin nan kitsen alade ne, kuma ana yanka wani jan tsiran alade mai zaƙi a ciki. Ko ka ce a cire maka naman, kaskon da man suna nan. Wannan abincin dai, da sunansa ɗaya, za ka same shi a gidan da ke da shaida an soya shi da man girki na kwakwar manja, da ɗanɗano mai kyau ƙwarai.

Ni kaina na taɓa faɗawa. A watannina na farko na bi wasu abokai wani gida, na ce ganye kawai zan ci da farar shinkafa, ina ganin na tsira. Aka kawo ganyen kore shar, da wasu 'yan ƙananan gutsattsari masu ruwan zinariya a sama, masu ƙaras-ƙaras, na ɗauka soyayyar albasa ce. Na kai loma biyu kafin wata abokiyar karatunmu Basiniya ta lura, ta riƙe mini hannu, fuskarta ta canza. Soyayyen kitsen alade ne da ake barbaɗawa don ƙarin daɗi. Ta fi ni shiga damuwa, ta yi ta ba ni haƙuri har washegari. Babu wanda ya yi niyyar cutar da ni a wurin. Na yi tambayar da ba ita ba ce: na tambayi ko akwai nama, aka ce babu, kuma a fahimtarsu gaskiya suka faɗa.

Daga ranar na koyi kalmomin. Da harshen Malay alade shi ne babi, a rubutun hukuma kuma za ka ga khinzir. Kitsensa minyak babi. In za ka tambaya ka ce ada babi, ada minyak babi, da muryar tambaya. A rubutun Sinanci alamar alade ita ce 猪, amma abin da ya fi muhimmanci ka sani shi ne, a wajen Sinawa in aka ce nama kawai, wato 肉, ba a ambaci dabbar ba, to alade ake nufi. Kaza da sa da rago su ake faɗa da suna. Saboda haka niƙaƙƙen nama da ke cikin awara ko cikin koren wake, in ba a fayyace ba, ka san ko na mene ne. Wasu abincin ba sa ɓoye kansu: bak kut teh na garin Klang farfesun haƙarƙarin alade ne da saiwoyi, char siu gasasshen alade ne mai jan baya, Hokkien mee na Kuala Lumpur kuwa baƙar taliya ce da daɗinta gaba ɗaya ya dogara da wancan soyayyen kitse. Masu ɓuya su ne matsalar. Romon da manyan gidaje ke dafawa tun safe, wanda ake tsarma wa ganye da miya, galibi ƙashin kaza ne da na alade a haɗe. Kifin da aka turara irin na 'yan Teochew sau da yawa ana shimfiɗa masa siraran yankan kitse. Rumfar da ke sayar da shinkafa da kaza, ka dubi abin da ke rataye a gilashinta: in akwai jan nama kusa da kajin, a katako ɗaya da wuƙa ɗaya ake sara su.

Akwai kuma Sinawa Musulmi, kada ka manta da su. Musulunci ya fi shekara dubu a ƙasar Sin, kuma babban jagoran jiragen ruwan nan Zheng He, wanda ya yi ta zuwa Malaka a tafiye-tafiyensa tsakanin 1405 da 1433, daga gidan Musulmi ya fito. A 'yan shekarun nan gidajen abincin 'yan ƙabilar Hui sun yawaita a Kuala Lumpur da kewayenta, alamarsu 清真, wadda ita ce halal a Sinanci. Abin da suka fi shahara da shi taliyar Lanzhou ce, Malayawa na ce mata mee tarik, taliyar ja. A gabanka mutum zai ɗauki curin ƙullu ya miƙe shi, ya ninka, ya sake miƙewa, har ya zama zare-zare a tsakanin yatsunsa, ya jefa a tafasasshen ruwa, a zuba mata romon naman sa da man barkono. Suna kuma gasa tsiren rago da wani ɗan iri mai ƙamshi da garin barkono. In kewar gida ta dame ka, wannan tsiren zai rage maka ita.

Yadda za ka yi da masu gayyata kuwa ya fi sauƙi fiye da yadda kake tsammani. Basinen Malesiya ya tashi da maƙwabta Musulmi, ya yi makaranta da su, ya san maganar halal tun yana yaro. Ka faɗa masa tun kwana biyu kafin ranar, kada ka bari sai an zauna: saya makan halal saja, halal kawai nake ci. Ba zai ji haushi ba. Abin da zai ba shi kunya shi ne ya kai ka wurin da za ka zauna kana kallon mutane da kofin ruwa a gabanka. Sau da yawa ma za ka tarar sun riga sun zaɓi gidan da ya dace saboda kai. Za ka kuma lura Malayawa sun fi mu tsanani a kan kwanuka da cokula. Mazhabar Shafi'iyya suke bi, kuma a wajensu abin da alade ya taɓa sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ruwan ƙasa, wankin da suke kira sertu. Kai da ka tashi a Malikiyya, abin da ya shige maka duhu na hukunci ka kai wa malaminka. Nawa shi ne in gaya maka abin da ke cikin tukunya.

Yanzu mu zo kan daɗin, domin shi ne dalilin zuwan. Ka fara da nasi lemak. Shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa da wani dogon ganye mai ƙamshi da ake kira pandan, a ɗora mata soyayyar gyaɗa, da 'yan mitsi-mitsin busasshen kifi da aka soya suka yi ƙaras, da yankan kokwamba, da ƙwai, da sambal. Sambal ɗin nan shi ne ran abincin: barkono da albasa da tsamiya da sukari ake soyawa a hankali har mai ya taso sama. Harshenka zai yi mamakin zaƙin a karon farko, domin mu ba mu saba haɗa yaji da sukari ba. Ka ba shi sau uku kafin ka yanke hukunci. A ƙarƙashin zaƙin akwai wani ɗanɗano mai nauyi da za ka ji kamar ka san shi. Belacan ke nan, ƙananan jatan lande da aka sa wa gishiri aka bari suka ruɓa, aka shanya, aka daka aka cura. Daddawarsu ce. In ana gasa shi a kicin warinsa har titi, amma miya ba ta tashi sai da shi, daidai yadda miyar kuka ba ta tashi ba daddawa. Saboda yana cikin kusan kowace miya, duk wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande dole ya faɗa tun kafin a dafa.

Abin da ya fi burge ni a duk zamana shi ne petai. Wasu koren 'ya'ya ne kamar manyan wake, masu ɗaci-ɗaci da wari mai ƙarfi, ana soya su da sambal da jatan lande. Ranar da na fara ganin bishiyar da dogayen kwasfanta na reto na tsaya ina kallo, domin ta yi mini kama da wani abu. Da na bincika sai na tarar 'yar'uwar ɗorawa ce ta jini, dangi ɗaya suke a ilimin tsirrai. Mu muna dafa kalwa mu rufe ta ta zama daddawa, su kuwa suna cin tasu tana ɗanya shar. Haka man girkinsu: bishiyar kwakwar manja asalinta Afirka ta Yamma ce, an fara nomanta don kasuwa a jihar Selangor a 1917, sai dai su tace man suke yi har ya zama fari, ba za ka ga jan manja a miyarsu ba. Kuɓewa ma tana nan, sunanta bendi, amma ba a kaɗa ta don yauƙi. Guda-guda ake jefa ta a miyar kan kifi.

Satay ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya san tsire. Yankan ya fi namu ƙanana, an jiƙa shi da kurkum da sukari, gyaɗar kuma ba a shafa ta a jikin naman kamar ƙuli-ƙuli, miya ake yi da ita mai kauri a tsoma. Garin Kajang, kudu da Kuala Lumpur, shi ya yi suna a kansa. Rendang naman sa ne ko kaza da ake dafawa awanni cikin madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙafe, naman ya yi duhu ya yi laushi. Laksa, wato taliya cikin romo, iri biyu za ka fi gani, kada sunan ya ruɗe ka. Ɗaya mai madarar kwakwa ce, ja, mai maiƙo. Ɗayar, asam laksa ta Pinang, ba kwakwa a cikinta ko kaɗan: romon kifi ne da tsamiya, da na'ana'a da abarba da albasa, mai tsami da ƙarni. Ina sonta ƙwarai, amma ba zan ba baƙo ita a daren farko ba.

A ɓangaren girkin Sinawa, in gidan mai shaida ne, ka nemi kifin da aka turara. A nan ne za ka gane abin da suke nema a girki. Mu muna soya kifi har ya bushe, mu lulluɓe shi da yaji. Su kuwa kifin da aka ciro daga tankin ruwa yanzu za a ɗora a kan tururi na 'yan mintuna, a zuba masa miyar waken suya marar kauri, a ɗora siraran citta da ganyen albasa, sannan a kwarara tafasasshen mai a kai ya yi cuu. Tsokar tana rabuwa fari fat, kana jin ɗanɗanon kifin kansa. In ka ji kamar da saura, akwai ɗan ƙaramin kwano na yankakken barkono cikin miyar waken suya a kan tebur. Barkonon nan, cili padi, ƙanƙane ne amma yana da zafi ƙwarai. Shinkafa da kaza irin ta 'yan Hainan kuwa, shinkafar ce gwanar, domin da romon kazar da kitsenta da citta aka dafa ta. Kazar ana sulala ta ne a ruwan zafi a tsoma a ruwan sanyi, fatar ta yi santsi, wani lokaci ka ga ja-ja a jikin ƙashi. Yawancin mutanenmu ba sa iya cin ta haka, kuma ba laifi, ka ce a ba ka gasasshiya. In an kawo char kway teow da wasu 'yan halittun ruwa masu ɓawo da ake kira kerang, ka sani da gangan ake barin su ba su gama dahuwa ba. Cikin da bai saba ba gara ya ce tak mau kerang, wato ba na son kerang.

Zaman teburin yana da nasa ladabi, kuma zai yi maka sauƙi domin ka saba cin kwano ɗaya da mutane. Tebur zagaye ne, da faifan gilashi mai juyawa a tsakiya. Ba wanda ke odar farantinsa shi kaɗai. Mai gayyata zai zaɓi kifi da kaza da ganye da awara a jera a tsakiya, kowa da ɗan kwanon shinkafarsa, kana ɗiba kaɗan-kaɗan da cokalin da ke cikin farantin. Ka bari babba ya fara, kada kuma ka juya faifan alhali wani na ɗiba. In an kawo kwano da ruwan zafi da kofuna a ciki, na ɗauraye kofuna da tsinkayen ci ne. Shayi ba a zuba wa kai kafin a zuba wa na kusa, in kuma aka zuba maka kana tsakiyar magana, ka ƙwanƙwasa tebur sau biyu da yatsu, godiya ke nan. Abu ɗaya da za ka kiyaye sosai: kada ka soke tsinkayen ci a tsaye cikin shinkafa, domin ya yi kama da turaren tsinke da suke kunna wa mamatansu. In tsinkayen sun gagare ka, ka nemi cokali da cokali mai yatsu, haka mafi yawan 'yan ƙasar ke cin shinkafa a faranti, cokali a dama. A gidan Malayawa ko na Indiyawa kuwa hannunka na dama ya isa, butar da ke kan tebur ta wanke hannu ce.

Abin sha, ka riƙe kalmomi uku. Kurang manis, a rage sukari. Kosong, ba sukari sam. Ais, da ƙanƙara. In ka ce teh kawai za a kawo maka shayi da madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, in baƙi kake so ka ce teh o. Kurang pedas kuma a rage yaji, ko da yake ban ga Bahaushen da ya buƙaci wannan ba. In an tashi daga cin abinci aka ce a wuce mamak, ka bi su. Shagunan Indiyawa Musulmi ne, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, can ake shan teh tarik, shayin da ake zubawa daga kofi zuwa kofi daga sama har ya yi kumfa, irin yadda mai shayin unguwarku ke yi, a haɗa da roti canai, wata soyayyar gurasa mai laushi, a tsoma a miyar wake. Nan ne ainihin hira ke tashi, kuma nan za ka fi sanin abokan karatunka.

Wajen biya, a gidajen da ke da masu hidima za ka ga an ƙara kashi 10 cikin ɗari kuɗin hidima da kashi 6 harajin gwamnati a ƙasan rasit, don haka ba a sa ran ka bar wani abu a kan tebur. 'Yar gyaɗar da tsumman goge hannu da aka ajiye tun kafin ku yi oda, a gidajen Sinawa da yawa ana sa su a lissafi. Kifi da kaguwa da jatan lande kuma sau da yawa da awo ake sayar da su, farashin da ka gani na giram 100 ne, saboda haka ranar da kai ne mai gayyata ka tambayi nauyin kifin da kuɗinsa kafin a kai shi kicin. A wannan daren dai wanda ya kira ka shi zai biya. Ka yi yunƙurin ciro walat, zai hana ka, ka yi godiya, ka sa a ranka cewa akwai ramuwa a kanka. Abin da ya rage a faranti kana iya cewa a ƙulle maka, kalmar ita ce tapau ko bungkus, kuma ba abin kunya ba ne ko kaɗan.

In suka miƙo maka takarda suka ce kai ma ka zaɓi abu ɗaya, kuma ka riga ka ga tambarin a ƙofa, ka ce kangkung belacan. Wani ganyen fadama ne mai ramin kara, ana watsa shi a kasko mai zafi da barkono da daddawar nan tasu, minti ɗaya a sauke. Yana da araha, yana tafiya da kowane abu da ke kan teburin, kuma ka sa yajinka a aljihu ka ba su su ɗanɗana a kan satay.